Ranar da Mamuda Ya Saki Kunkuru a Fako

Ku gyara zama, jama'a, ku ba ni hankalinku. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma a ƙarshensa akwai shari'ar da zan bar muku, don ni kaina na juya ta na juya, na kasa yankewa.

A can arewa, inda gonaki ke ƙarewa yashi ya fara, akwai wani gari da ake kira Tudun Sabara. A nan wata ƙungiya mai kare namun daji ta kafa shirin ceton kunkuru, irin manyan nan na tudu masu haƙa rami, waɗanda babbansu sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Kakanninmu sun san su birjik a daji. Amma 'yan kasuwa suka yi ta kwashe su ana fita da su ƙasashen waje, wutar daji ta ci nata, dabbobi suka cinye ciyawar da suke rayuwa a kai, har ta kai mutum ya yi gemu bai taɓa ganin ɗaya ba sai a gidan wani attajiri, an huda ƙoƙon bayansa an ɗaure shi da igiya.

Wanda aka ɗora a kan shirin shi ne Mamuda Jatau. Aikinsa shi ne haɗa kan kowa. Shi ke karɓar kunkurun da aka ƙwace a hannun masu fasa-ƙwauri, ya sa a yi jinyarsu a cikin shinge, ya zauna da hakimai da manoma da makiyaya a kan dajin da za a keɓe musu, sannan ya rubuta rahoto zuwa babban ofis a birni. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu da sunan muƙaminsa ba. Sarkin Kunkuru suke ce masa, da farko da zolaya, daga baya da girmamawa. Shekara tara ya yi yana wannan aiki, ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Aibinsa guda ne: in ya faɗi magana, gara masa komai ya lalace da a ce ya janye ta.

A shekara ta tara, kunkuru arba'in da uku suka warke, suka isa a mayar da su daji. Duk wanda ya san dabbar nan ya san lokacin sakinta, wato farkon damina, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta tsiro, kuma a kan jigawa inda za ta iya haƙa rami. Sai ga takarda daga babban ofis, wai manyan baƙi masu tallafa wa shirin za su zo daga ƙasar waje, kuma ba su da lokaci sai tsakiyar bazara. Ofis bai tilasta ba, tambaya ya yi: ko zai yiwu a yi bikin sakin a gabansu? Kalma ɗaya ta ishi Mamuda ya kare dabbobinsa. Sai ya tuna shekara tara yana fama a ƙauye babu wanda ya zo ya gani. Ya rubuta cewa zai yiwu. Ya kuma zaɓi wani fako a bakin titi, inda motoci za su samu wurin tsayawa a kafa rumfa.

Mutum uku suka yi masa magana kafin ranar.

Ta farko ita ce Kubura, likitar dabbobi ta shirin, wadda ta shekara biyar a ƙarƙashinsa. Ta shigo ofis da takardar da za ta sa wa hannu, ta ce, “Yallaɓai, fakon nan ko gatari ba ya shigarsa. Da me za su haƙa rami?”

Ya ce, “Malama Kubura, tun kina makaranta nake wannan aiki. Hannu aka ce ki sa, ba shawara aka nema ba.”

Ta sa hannu ta fita.

Na biyu shi ne Nomau, wani dattijo da ya shekara ashirin yana kama kunkuru yana sayarwa. Mamuda ne ya sa aka kama shi, ya yi wata huɗu a gidan yari. Da ya fito ya tuba, ya zo neman aiki a shirin, Mamuda ya ce masa a gaban ma'aikata shi ba ya ɗaukar ɓarawo gadi. Ranar kasuwa Nomau ya tare motarsa, ya ce, “Ranka ya daɗe, kunkuru a bazara ƙarƙashin ƙasa yake zama. In ka ajiye shi a fili yanzu, gasa shi ka yi.” Mamuda ko gilashin mota bai gama saukewa ba, ya ja ya wuce.

Na uku shi ne Arɗo Giɗaɗo, shugaban makiyayan yankin. Shi saƙo ya aiko, cewa jigawar da rugarsa take, tafiyar rabin yini daga titi, tana da inuwar aduwa da rijiya da tsofaffin ramukan kunkuru tun na zamanin mahaifinsa, a kai su can. To amma shekara biyu kafin nan shanun Arɗo sun taɓa karya shingen shirin, Mamuda ya kai ƙararsa gaban hakimi, aka bar tsohon a durƙushe cikin rana a gaban 'ya'yansa magidanta. Mamuda ya ga in ya karɓi tayin kamar ya je roƙo ne. Bai ko mayar da amsa ba.

Aka yi biki. Aka kafa rumfa, makaɗa suka yi kiɗa, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Da hantsi aka sauke kunkuru arba'in da uku a kan fako, kowanne da lambarsa a baya da farin fenti, suka kama tafiya, baƙi suka yi ta tafi. Kafin azahar kowa ya watse, Mamuda ya raka baƙinsa birni ana ta yaba masa.

Rana ta uku ya dawo, ya biya ta fakon shi kaɗai. Bai yi nisa ba ya ga na farko a gindin wani busasshen kalgo. Ya mutu. Faratansa sun karye wajen tonon ƙasa, kuma duk abin da ya iya tonawa bai kai zurfin tafin hannu ba. Kumfar da ya yi ta zubarwa a ƙafafunsa na gaba don ya ji sanyi ta bushe ta yi fari. Mamuda ya duba lambar, sha bakwai. Shi da kansa ya ɗauko wannan daga kan iyaka shekara shida da suka wuce, ya yi ta ba shi ganyen yaɗiya da hannunsa har ya fara ci. Gaba kaɗan ya ga na biyu. Sauran kuwa ko alamarsu.

Ya koma mota ya zauna. Wani tunani ya zo masa: babu mai ƙidaya kunkuru a daji. In ya rubuta cewa sun bazu lafiya, wa zai ƙaryata shi? Ya zauna da wannan tunani tun azahar har la'asar. Daga baya, duk lokacin da ya tuna, ba mutuwar biyun ce ta fi sa shi sunkuyar da kai ba, tsawon wannan zaman ne.

Da la'asar ya tada mota, ya nufi gidan Nomau. Ya same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Mamuda ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabansa. Ya ce, “Baba Nomau.” Bai taɓa kiransa haka ba.

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Nawa ka gani?”

“Biyu. Sun mutu.”

Nomau ya ajiye igiyar, ya shiga gida, ya fito da sanda da gorar ruwa.

To, ku ji abin da Nomau ya yi. Fako ba ya riƙe sawu, amma shi yana ganin tsakuwar da aka ture da karan da aka kwantar, yana sanin inda dabbar da zafi ya dama za ta nufa. Kwana shida yana gaba, Mamuda da ma'aikata suna bayansa kamar makafi. Ya zaƙulo su daga gindin suri, daga ƙarƙashin ƙaya, ya shiga ramin dabgi har ƙugu ya jawo wasu ta ƙafa. Kunama ta harbe shi sau biyu, ya ɗaure hannun da tsumma ya ci gaba. Ya samo talatin da biyu. Saura tara, ya duba ƙasa ya ce waɗannan ba tafiya suka yi ba, ɗauka aka yi, ga sawun amalanke. Ya san waɗanda suka ɗauka, abokan tsohuwar sana'arsa ne, kuma ya san tsohuwar rijiyar da suke ɓoye kaya, don shi ya nuna musu ita tun farko. Cikinsu har da mijin 'yarsa. Ya tsaya a gindin wata magarya ya daɗe, sannan ya kai Mamuda bakin rijiyar. Aka fito da taran da rai. Daga ranar, in ya ratsa kasuwa tofar da yawu ake yi, majalisar da ya shekara talatin yana zama ta daina matsa masa wuri, surukinsa kuma ya hana 'yarsa taka gidansa.

Ku ji kuma abin da Kubura ta yi. Da Mamuda ya je kiranta, ya iske akwatin magungunanta a ɗaure a bakin ƙofa. Ta ce tun ranar biki ta haɗa shi, jira take a zo. Ya so ya ba ta haƙuri, ta ce, “Yallaɓai, mu tafi, wannan ta jira.” Yawancin waɗanda Nomau ya samo idanunsu sun faɗa, ko kai ba sa iya fitarwa. Ma'aikata suka ɗauko bokiti za su kwara musu ruwan sanyi, ta daka musu tsawa, ta ce hakan zai ƙarasa su. Ta sa aka riƙa zaunar da kowanne a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, safe da yamma. Waɗanda suka kasa sha ta yi musu ƙarin ruwa da allura ta ƙarƙashin fata. Ɗaya ƙoƙonsa ya tsage da aka jefa shi rijiya, ta wanke ta ɗinke shi da waya. Wani kuma, tsutsa ta shiga raunin da karnuka suka yi masa, ta zauna ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Kwana goma sha tara ba ta koma gida ba. A cikin kwanakin nan ne ranar ganawarta ta faɗo, ta neman gurbin ƙaro karatu da ta shekara uku tana jira. Mamuda ya ce zai kai ta birni da kansa. Ta dubi bakwai da ke kwance tsakanin rai da mutuwa, ta ce in ta yi kwana biyu ba ta nan ba za ta iske su ba. Aka ba wani gurbin. Biyu suka mutu a hannunta duk da haka, ta yi kuka kamar ta rasa ɗan'uwa. Talatin da tara suka tashi.

Amma ban faɗa muku inda aka yi jinyar ba. Tun ranar farko Kubura ta ce ba za su jure girgizar mota zuwa gari ba, kuma ba za su ƙara kwana uku a fako ba. Ana bukatar yashi da inuwa da ruwa, kuma a kusa. Wuri ɗaya ne tak mai wannan siffa, kowa ya san shi, babu wanda ya furta sunansa a gaban Mamuda. Shi ya tashi da sassafe, ya taka a ƙasa har rugar Arɗo Giɗaɗo. Tun daga nesa 'ya'yan Arɗo suka gane shi, suka miƙe tsaye da sandunansu. Tsohon ya ɗaga musu hannu, ya sa aka shimfiɗa wa baƙo tabarma a inuwa, aka kawo masa nono a ƙwarya. Mamuda ya riƙe ƙwaryar, ya tuna yadda ya bar mutumin nan cikin rana.

Arɗo ya ce, “Sha tukuna, ɗana. Maganar ba za ta gudu ba.”

Da ya ji bayani, ya ba da jakuna da raƙuma aka yi ta jigilar kunkuru a mangala. Sai dai rijiyar a bazara ba ta wuce guga kaɗan a yini, ba za ta ɗauki garke da jinya tare ba. Ga shi kofaton shanu na rufta ramuka, ga 'yar busasshiyar ciyawar da ta rage ita ce abincin duka biyun. Dole ɗaya ya tashi. 'Ya'yansa suka ce ba a taɓa jin an kori saniya saboda kunkuru ba, balle kunkurun mutumin da ya wulaƙanta ubansu. Arɗo ya saurare su har suka gama, sannan ya ce a ɗaure kaya. Tafiyar kwana uku suka yi zuwa wata rijiya, cikin zafin da ko tsuntsu ba ya tashi. Shanu goma sha ɗaya suka kwanta a hanya ba su tashi ba, har da wata farar saniya da asalinta ya faro daga garken kakansa. Babban ɗansa ya ware nasa shanun ya yi gabas, har yau bai dawo ba.

Ruwan farko ya sauka. Kunkuru talatin da tara suka shiga yashi suka haƙa gidajensu, jigawar ta yi kore, kafin kaka aka ga ƙwai a wurare biyu.

Mamuda ya rubuta rahoto. Ya zauna zai faɗi gaskiya, alƙalami ya ƙi. Abin da ya rubuta shi ne an samu 'yar matsala a farko, an shawo kanta. Babban ofis ya ga talatin da tara cikin arba'in da uku sun zauna da gindinsu, abin da ba a taɓa samu ba a wani shiri nasu. Aka kira shi birni. A ɗakin taro cike da mutane, shugabar ƙungiyar ta tashi tana karanta yabonsa, ta ce hangen nesansa ne ya sa ya zaɓi jigawa, kuma an yanke shawarar ɗora shi a kan dukkan shirye-shiryen yankin. Aka fara tafi. Mamuda ya miƙe, ya ce, “Ranki ya daɗe, a dakata. Ba ni na zaɓi jigawa ba. Ni fako na zaɓa.”

Ya faɗi komai, har zaman da ya yi a mota yana shirin ƙarya, har rahoton da ya lulluɓe. Bai ɗaga ido ya dubi kowa ba har ya gama. Ya ce bai cancanci sabuwar kujera ba, tsohuwar ma ya sauka daga kanta.

Sai shugabar ta ce, “Malam Mamuda, mun karɓi saukarka. Amma shirin ba zai zauna babu mai riƙe shi ba, kuma kai ka san mutanen nan uku, mu ba mu san su ba. Ka ba mu suna ɗaya kafin Juma'a. Kada rashin karatun boko ya hana ka, za mu haɗa shi da magatakarda. Kujerar dai ɗaya ce.”

Ya koma Tudun Sabara, ya tara su uku da hantsi a inuwar aduwa, ya faɗa musu. Ya zaci za su yi gardama a kan wanda ya fi. Sai ya ga kowa ya sunkuyar da kai.

Nomau ya fara magana. Ya ce, “Ranka ya daɗe, da hannun nan na fitar da fiye da ɗari uku daga dajin nan. Na san ramukan ne don ni na mayar da su kango. Arba'in da ɗaya ba su goge wannan ba.”

Kubura ta ce, “Ni na sani, Yallaɓai. Baba Nomau da Arɗo ba su da alƙalami, ni ina da shi. Da na ƙi sa hannu, da ba a yi bikin ba. Tsoron rasa aiki ya sa na sa.”

Arɗo ya daɗe yana zane a yashi da sandarsa. Ya ce, “Ranar da shanuna suka karya shingenka, ɗana, ba kuskure ba ne. Ni na ce a bar su su shiga. A gaban hakimi kuma na ce ban sani ba. Ciyawar da kunkuru ya rasa a ƙasar nan, cikin shanunmu ta tafi.”

Babu wanda ya nemi kujerar, babu kuma wanda ya nuna ɗan'uwansa. Abin da suka haɗu a kai shi ne duk sunan da ya rubuta sun yarda, za su bi. Suka tashi suka bar shi da farar takarda a cinya, shi da ya fi su duka abin jin kunya, wai shi ne zai auna su.

To, jama'a, ga inda na tsaya. Da Nomau bai bi sawu ba, da babu abin da za a yi wa jinya, kuma ya biya da mutuncinsa a gari da fuskar 'yarsa. Amma shi ne ya ƙarar da dajin tun farko. Da Kubura ba ta zauna ba, da gawa Nomau ya tara, kuma ta biya da karatun da ta shekara uku tana jira. Amma da sa hannunta aka yi ɓarnar, tana sane. Da Arɗo bai tashi daga jigawarsa ba, da wahalar su biyun ta tashi a banza, kuma ya biya da shanunsa da babban ɗansa. Amma ya taɓa karya shingen da gangan, ya kuma ɓoye gaskiya a gaban hukuma. Aikin kuwa yana son wanda ya san daji, yana son wanda ya san dabbar, yana son wanda mutane za su ji maganarsa.

Juma'a ta matso, takarda na nan fara. Ku faɗa mini, a cikin ukun nan, sunan wa ya kamata Mamuda ya rubuta?